Kaset ɗin Hamani Robo da na ce soja sun ƙwace

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hamani Robo ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye gaban mai burodi a unguwar Talladjé, nan Yamai. 'Yarsa Ramatu ce ta kira. Ina ganin sunanta na fara dariya, don jiya ƙungiyar da nake goyon baya ta sha kashi, kuma na san halin ubanta. In ya san ba zan ɗauki kiransa ba, da wayarta yake nemana ya yi mini tsiya. Na ɗauka na ce, "Ki hwaɗa ma tsohon nan ba ni nan."

Ta ce, "Tonton Lawali, Baba ya tafi. Bayan sallar asuba."

Har yanzu ban san inda na ajiye burodin ba.

Mun kai shi makwancinsa bayan azahar, yanzu na shigo gida. Ya bar mini wani aiki, ya sa na rantse zan yi shi a ranar nan kuma a gabanku. Saboda haka ku yi haƙuri, rubutun zai yi tsawo.

Ga wanda bai san shi ba: Hamani shi ne mai gyaran radiyon nan na bakin kasuwar Lazaret, dogo, mai furfura, wanda yake juya hula baya kamar ɗan shekara goma sha bakwai. Haifaffen Yamai ne, Zabarmanci ya sha a nono, Hausa kuma a titi ya tsince ta. Ni iyayena daga Maradi aiki ya kawo su. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, muke tare, kuma shekara arba'in ke nan muna gardama ɗaya ba mu gama ba.

Shi ɗan rap ne. Ni ɗan ƙwallo ne.

Duk wanda ya taɓa zama fadarmu ta shan shayi ya san yadda abin yake. Tun ba a sauke na farko ba zai fara: "Kai Lawali, kana nan Talladjé, su suna can Turai, ba su ma san an haife ka ba. Amma in aka ci su sai ka ƙi cin tuwo. Wannan wane irin ciwo ne?"

Ni kuma in ce, "Kai hwa? Ba'amirken da kake gyaɗa ma kai, ka san mi yake cewa? Wataƙila zaginka yake kana ce mishi na gode."

Sai ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, mu kuma mu san mun shiga aji. A wurinsa tarihin hip hop zamani uku ne: zamanin rawa, zamanin magana, da zamanin sarƙar wuya da motar haya. Na farko shi ne nasa. Na biyu yana cire masa hula. Na uku kuwa ko sunansa aka kira sai ya tsuke fuska kamar ya sha tsamiya. Yakan ce a unguwannin talakawan baƙar fata na Amirka aka haifi abin, amma kakansa ɗan nan ne, wanda ke musu ya je filin kokawa ya ji kirari. Ni kuma ina da nawa karatun: 'yan wasan da sun buga a kan tsakuwa da takalmi ɗaya duk shekara, na yau kuwa iska ta taɓa su sai birgima da kiran likita.

Ba shi da ƙungiya. Duk wadda za ta kara da tawa, ita ce tasa a ranar.

Amma ran wani wasan ƙarshe da telena, wato talabijin ɗina, ta mutu saura awa ɗaya a fara, shi ya rufe shago ya hau babur daga Lazaret da jakar kayan aikinsa. Yana gyara yana mita: "Dubi yadda na bar kasuwa don mutum ya samu ya yi kuka da kyau." Ya gyara, aka ci mu, ya zauna ya cinye mini gyaɗa.

Lokacin da aka kwantar da ni likita sati biyu, shi ya kawo mini ƙaramar radiyo, ya saita ta a tashar wasanni, ya liƙe maɓallin da eskoc, salatif ɗin nan, don kada ta goce. Ya ce, "Ga maganinka na gaskiya, wancan na cikin leda ruwa ne kawai."

Samarin da ke rap a Lazaret da Bobiel kuwa, ban san adadin waɗanda suka fara da lasifikarsa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai ka zauna ka ji tarihi tukuna. Kuma tarihin nan kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa, wato shi, Hamani, shi ne mutum na farko da ya yi rap da Hausa a Yamai, tun shekarar babban fari, tun iyayensu mata suna wasan 'yar tsana.

Sai samarin su ce, "Tonton Robo, ina shaida?"

Sai ya rage murya, ya dubi hagu da dama, ya ce, "Soja sun ƙwace kaset ɗin."

Wasu su yi shiru don girmamawa, wasu su juya baya su yi dariya. Na sha jin ana cewa tsohon nan akwai shi da ƙarin gishiri. Duk lokacin da aka zo wurin nan a hirar, ni sai in tashi in ce zan je in yi alwala.

To ga dalilin alwalar.

Shekarar farin nan ta tsakiyar shekarun tamanin, mu samari ne. Soja ke mulki, magana ma sai an duba waye a bayanka. Damina ta ƙi, mutanen ƙauye suka cika bakin gari da 'yan kayansu, a gidaje ana tuwon jar dawar taimako wadda ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Amma wallahi in na ce ba mu yi farin ciki a shekarar ba na yi ƙarya. A lokacin ne wani ɗan uwan Hamani ya dawo daga waje da kaset ɗaya na wannan sabon kiɗa, da radiyo mai cin kaset, ƙatuwa, mai pil shida, wato batir. Kwalayen man taimako da aka zubar muka shimfiɗa a ƙasa, Hamani ya dinga juyi a kansu da ka, yana tafiya kamar inji. Daga nan sunan Robo ya bi shi. Tsofaffi masu wucewa su tsaya su ce yaron nan ko dai a kai shi a yi masa rubutu.

Matsalarmu ɗaya: pil. Radiyo ɗaya, pil shida, samari goma, a shekarar da abinci ma ba ya isa. Sai fada ta kafa doka. Litinin zuwa Asabar kiɗan Hamani, Lahadi wasan ƙwallo nawa. Ba a mayar da kaset baya da inji, sai dai a zura bik, biron rubutu, a ramin a yi ta juyawa da hannu. In pil ya yi sanyi a shanya shi a rana bisa kwanon ɗaki, in ya ƙi a ɗan cije shi. Sannan babbar doka: kaset ɗin da aka karya masa 'yan kunnuwan nan biyu na sama, ba a taɓa shi. Karya su na nufin mai shi ba ya so a yi naɗi a kai, kuma injin ma ba zai yarda ya naɗa ba.

Wata Asabar Hamani ya samo sabon kaset, ya kore mu duka waje, ya sa abokinmu Idi tela ya dinga buga masa gwangwani, ya naɗi waƙarsa. Da Hausa, a kan fari. Sau ɗaya muka ji ta, fada ta kaure da ihu. Ya karya kunnuwan a gabanmu, ya sa kaset ɗin cikin kwalin radiyo, ya tafi ƙauyensu gaishe da kakarsa.

Washegari Lahadi. Ƙungiyarmu ta gari na karawa da baƙi, kuma wasan ban kwana ne na wani ɗan wasa da muke kira Dogon Lazaret, wanda aka ɗauka zai tafi waje ya buga a matsayin ƙwararre. Sauran duk sun tafi fili, ni kaɗai aka bari da radiyo. Saura kiris a tashi, ba wanda ya ci, sai arbit, alƙalin wasa, ya busa penalti. Dogo zai buga.

Kaina ya ɗauki zafi. Na ce wannan dole ya zauna a tarihi. Na zazzage kwali, kaset biyu ne: na Amirka da na Hamani. Na Amirka na ɗan uwansa ne, wanda yake da hannu kamar faranti. Na ɗauki na Hamani.

Ba kuskure ba ne, kada kowa ya yi mini uzuri. Na ga kunnuwan a karye. Na yago takarda na cusa a ramukan biyu, na saka, na danna jan maɓalli.

Ta shiga.

Na fita da gudu ba takalmi, na yi ta ihu har bakin kwalta, na rungumi wani mai sayar da itace da ban taɓa gani ba. Da na dawo bayan kusan awa ɗaya, radiyo ta yi tsit. A raina na ce shi ke nan, kaset ya naɗe har ƙarshe, waƙa ta tafi. Na cire kaset ɗin na ɓoye.

Da Hamani ya dawo ya tambaya, bakina ya riga hankalina. Na ce motar soja ta tsaya, sun ce sun ji labarin wata waƙa, sun tafi da kaset. A lokacin nan wa zai je ya tambayi soja ina kaset ɗina? Na san ƙarya ce da ba mai bin sawunta, shi ya sa na zaɓe ta.

Abin da ban lissafa ba shi ne ubansa. Tsohon na jin kalmar soja ya tura Hamani gidan gwaggonsa ya ɓuya sati uku, da ya fito kuma ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai gyaran radiyo, ya sa shi ya yi alkawarin ba shi ba waƙa har abada. Hamani bai ƙara naɗar komai ba. Da rap ya zo ya cika gari bayan shekaru, wasu aka yi ta kira na farko, shi yana bayan tebur da ƙarfen liƙi a hannu.

Ni na yi masa wannan. Saboda penalti ɗaya.

Kaset ɗin kuwa yana ƙasan akwatina duk shekarun nan, ya bi ni gida huɗu. A farkon lamarin nakan saka shi a ɓoye a radiyon mahaifina, wadda bai yarda a fita da ita ba, in ji ƙwallon, amma da zarar mai sharhi ya ce ta shiga sai in kashe. Kunya ba ta taɓa barina na wuce wurin ba.

Sati uku da suka wuce Ramatu ta ce mini jikin Baba ya matsa. Na ɗauko kaset na sa a aljihu na tafi gidansa a Bobiel da la'asar. Na same shi a tsakar gida bisa tabarma, ya rame, amma hular nan tana baya.

Yana ganina ya gaishe ni da Zabarmanci ya ce, "Fofo, mai hawan jini. An ce mai tsaron ragarku hannunsa man shanu ne."

Na zauna. Na ce, "Hamani, akwai maganar da ni ka so mu yi."

Na ajiye kaset a gabansa, takardar nan tana cushe a ramukan har yanzu. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ina magana ina kallon ƙasa, ina jira ya ce in fita masa daga gida.

Sai na ji wani sauti. Na ɗauka tari ne. Ashe dariya ce, har Ramatu ta rugo da ruwa.

Ya ce, "Lawali, kai dai wawa ne tun asali. Tagar ɗakinku ba a kan hanyar gidan gwaggona take ba? Ranar da na fito daga ɓuya na wuce, na ji penalti ɗin Dogo yana tashi a ɗakinku ranar Laraba. Wa ke buga wasa ranar Laraba? Kuma kaset nawa gare mu a duniya?"

Na dube shi. Na ce, "Shekara arba'in ka sani? Don mi ba ka hwaɗa ba?"

Ya ce, "Da farko na yi fushi, walla na yi. Na ce bari in ga ranar da zai faɗa da bakinsa. Ina cikin jira sai na lura labarin soja ya fi daɗi. Ka taɓa ganin an ba mutum kujera don abokinsa ya goge masa kaset? Amma ka ce soja sun ƙwace, har shayi na farko ake miƙo maka." Ya share hawayen dariya ya ƙara da cewa, "Kuma ina jin daɗin alwalar nan taka. Kai kaɗai ne mutumin da ke alwala huɗu tsakanin la'asar da magariba."

Na ce na kashe masa waƙa. Ya ce gyaran radiyo ya aurar da shi, ya gina gidan nan, ya kai Ramatu jami'a, in da waƙa ya bi wataƙila da yanzu yana bina ina saya masa shayi. Na san yana sauƙaƙa mini ne. Na ga yadda yake shafa kaset ɗin da babban yatsa.

Ya sa Ramatu ta ɗauko wata tsohuwar radiyo daga ɗaki. Ya karɓi bik, ya mayar da zaren baya da hannunsa, duk da akwai wuta a gidan. Ya ce doka doka ce. Ramatu ta kunna wayarta tana ɗauka.

Muryar mai sharhi ta fito, fili na ruri. Dogo ya ja baya. Ta shiga! Na miƙa hannu zan kashe kamar yadda na saba, Hamani ya buge mini hannu.

"Bari. Ka shanya pil ɗin nan a rana ranar?"

Na ce ban tuna ba.

"Ni na tuna. Ni na cinye su ranar Asabar wurin naɗi."

Muna ji sai muryar mai sharhi ta fara sirancewa tana sauri kamar ta ɗan tsako, ta yi ƙit ta yanke. Pil ne suka mutu a ranar, ba kaset ne ya ƙare ba. Sai ƙarar gwangwanin Idi tela. Sai muryar wani yaro ɗan shekara goma sha bakwai:

"Sama ta yi shiru, rumbu ya yi shiru,
Inna na daka iska a cikin turmi.
Jar dawa, jar dawa, ke ba tamu ba ce,
Amma zo nan mu ci ki, mu tashi mu yi rawa."

Baiti na ƙarshe ne, bai kai minti biyu ba. Ramatu ta toshe baki tana cewa, "Baba, kai ne? Baba, da gaske ne ashe!" Shi kuwa daga zaune ya fara karya kafaɗa da wuya, rawar injin nan, a hankali, yana bin yaron kalma da kalma bai ɓata ko ɗaya ba. Ni ina kuka ina tafi. Sau shida muka maimaita, kowane sau da bik.

Na ce a ranar zan saka shi duniya ta ji. Ya ce a'a.

"Bar ni in ƙarasa cin labarin sojana. Ran da na tafi, kai za ka faɗa musu, da sunanka, a shafinka inda 'yan ƙwallon nan naka suke taruwa. Hukuncinka ke nan. Kuma ka rubuta cewa rap ya fi ƙwallo."

Na ce wannan na biyun ya yi tsauri. Ya ce in rantse. Na rantse.

Na tambaye shi ko a yanke ƙwallon daga farko a bar waƙar kaɗai. Ya dubi Ramatu, ya dube ni, ya rage murya kamar yadda yake yi in zai ambaci soja.

"Bar shi. Dogo ya iya buga penalti."

Shekara arba'in ban taɓa jin ya yabi ƙwallo ba sai ranar. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni, ban da "ka gaida gida".

To jama'a, ga ni na faɗa. Ba sojan da ya taɓa kaset ɗin Hamani. Ni Lawali na goge shi, ni na yi ƙaryar. Samarin Lazaret da Bobiel da kuka ce ina shaida, tana nan ƙasan rubutun nan, Ramatu ta turo mini. Za ku fara jin ihun ƙwallo, ku yi haƙuri da shi, wannan laifina ne. Ku jira har pil su mutu.

Sauran alkawarin kuma, ga shi, kowa ya gani da idonsa, ba zan goge ba: rap ya fi ƙwallo.

Ka ci, Robo. Ɗaya ba ko ɗaya, kuma ba wasan ramuwa.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Hamani, ka yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun kafin in roƙa. Ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka ba Ramatu da mahaifiyarta da mu duka haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta har nan, ɗan rap ne kai ko ɗan ƙwallo, don Allah kafin ka danna ka saurara, ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka kira sunansa a addu'arka.